Bin ruwa da fatsa daga Tiga zuwa Gashuwa: inda aka kwana

4 ga Nuwamba, 2023

To jama'a abun da na daɗe ina faɗa da baki yau dai an sa ƙafa. Niyyata in bi ruwan nan namu tun daga dam ɗin Tiga har Gashuwa, ba a tafiya ɗaya ba, gaɓa gaɓa, duk sanda na samu sarari a wajen aiki in ɗau jaka in je in ɗora daga inda na tsaya. Duk inda na sauka zan jefa fatsa, in zauna da masuntan wajen, in rubuta irin kifin da yake fitowa yanzu da wanda suka ce da akwai shi amma ya yi wuya.

Ga wanda bai san hanyar ruwan ba, kogin Kano ne aka tare a Tiga aka gama dam ɗin a 1974, aikin da aka faro zamanin Audu Bako, daga nan ya gangaro ya haɗu da kogin Challawa wajen Tamburawa, shi ma Challawan an tare shi da nasa dam ɗin a 1992, to haɗuwar nan tasu ita ce ta wuce ta Wudil ta bi ƙasar Ringim ta zama kogin Haɗeja, can gaba ya rarrabu cikin fadama kafin ya gamu da ruwan Jama'are su zama kogin Yobe mai tafiya tafkin Chadi. Yawancinmu mutan Kano ruwan nan muke sha a famfo, shinkafar Kura da tumatirin Kadawa da shi ake nomawa, amma ƙalilan ne a cikinmu suka taɓa zuwa suka ga inda yake ƙarewa da mutanen da suke jiransa a can.

Kayana ba yawa, sandar fatsa mai naɗewa, ƙugiyoyi manya da ƙanana, zare, dalma, gidan sauro, tabarma, tocila, sai rigar ruwa. Rigar nan kam ba na wasa da ita tun hatsarin kwale-kwalen Bagwai na 2021 da ya ci yara 'yan Islamiyya, Allah ya jiƙansu.

Na isa bakin Tiga da sanyin safiya, ruwa a cike fal don damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba. Karfasa ce ta fi cin tana, ƙanana ƙanana, sai kawara da take zuwa ta sace abincin ta gudu. Wani dattijo da yake ɗinkin kalli, wato ragar kamun kifi, a gindin bishiya ya daɗe yana kallona sannan ya ce "yaro matso nan gefen duwatsu, ragon ruwa ba ya zama a fili", na matsa kuwa, kafin azahar na ciro guda mai kyau. Da na miƙa masa ya ƙi karɓa, ya ce in kai wa iyali.

17 ga Nuwamba

Wudil, kuma da gangan na zaɓi Juma'a don ranar kasuwa ce. Gari ya cika da shanu da manyan motoci, ƙura ko'ina, amma kana gangarawa ƙarƙashin gada ka yi 'yar tafiya sai hayaniyar ta ragu. Ruwan nan daban yake da na Tiga, yana tafiya, ga yashi, ga masu ɗiban yashin da kwale-kwale suna nutso da bokiti suna cikawa, aiki ne mai cin jiki wallahi.

Nan na ga jifan birgi da kyau. Saurayi ne, ya tsaya ruwa iya gwiwa, ya tattara ragar a hannun hagu ya rataya wani sashe a kafaɗa, ya ɗan juya ƙugu sannan ya sake ta, ta buɗe ta faɗa ruwa a zagaye dalmar bakin ta ja ta ƙasa, sai ya jira kaɗan ya fara janyo igiyar a hankali a hankali don kar bakin ya ɗaga kifin ya zille. Kurungu ya fi samu, yana cire su yana karya ƙayar bayan da ta gefe kafin ya jefa a buhu, ya ce in ƙayar kurungu ta soke ka ranar ba ka ƙara aiki. Kukansu ma da kake ji gur gur in an ciro su, ni yana burge ni.

Ni fatsata tarwaɗa ta ba ni 'yan madaidaita da yamma, da hanjin kaza. Abun da ya ɓata min rai shi ne na ga wasu suna jan gidan sauro a matsayin raga a gefen ruwa, suna kwashe 'ya'yan kifin da ba su kai ɗan yatsa ba. Na san talauci ne yake sa wa, ban ce ba haka ba, amma wanda ya kwashe na bana me zai kama baɗi? Manyan masuntan wajen su ma abun yana damunsu, sun ce suna hanawa ana komawa.

Da magariba ta yi mai shayin bakin tasha da ya ji daga inda nake da abun da ya kawo ni ya ƙi karɓar kuɗin shayi da burodi, har ya kira wani ɗan'uwansa a Haɗeja a waya ya ce ga baƙo nan zuwa.

2 ga Disamba

Ba tafiya. Kuɗin mota ya yi tsada tun da aka cire tallafin mai, dole sai na haɗa tafiyar Haɗeja da ta cikin fadama a lokaci guda in na samu hutun ƙarshen shekara. Na sayo zare mai kauri da manyan ƙugiyoyi, na kai wa tela jakata ya ƙara mata aljihu. Sashen Ringim na tsallake shi tukunna, zan dawo masa.

16 ga Disamba

Haɗeja. Na biyo ta Gaya da Jahun da Kafin Hausa, hazo ya sauko sosai har direba yana kunna fitila da rana. Mutumin da mai shayin Wudil ya haɗa ni da shi yana jirana a tasha da mashin, bai taɓa ganina ba, amma ya ɗau jakata ya ɗaure a baya ya ce masauki an riga an share, zancen otal ma kar in fara. Ɗakin zaure ya ba ni, aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka da kan tarwaɗa banda a ciki, maƙwabta suna ta shigowa ana gaisawa, kowa da tambayarsa, wai da gaske daga Kano na taso don kawai in kama kifi da ƙugiya?

Kasuwar kifin Haɗeja sai wanda ya gani. Kwali kwali na banda an jera, ana ɗaurewa da igiya ana rubuta sunan mai shi ana lodawa a mota zuwa kudu, ga busassun kwaɗi su ma da masu sayensu. Na zauna wajen masu banda na ga yadda ake yi, tarwaɗar ake lanƙwasawa a haɗa kai da wutsiya a soke da tsinke ta zama zobe, a jera a kan waya bisa tanda, wuta ba mai ci ba hayaƙi ake so, ana juyawa ana juyawa har ta yi baƙi tana sheƙi. Wanda ya yi gaggawa ya sa wuta da yawa waje ya ƙone ciki ɗanye, kwana kaɗan ta fara wari. Itace kuma ya yi tsada, kusan kowa da na zauna da shi sai ya kawo kukan itace.

Har yanzu ana zancen ambaliyar bara ta 2022, mai masaukina ya nuna min jingar da mutanen gari suka yi ta tarewa da buhunan ƙasa dare da rana don kar ruwa ya shigo. Ya ce gonaki sun tafi amma kifi kam an same shi bayan ruwan ya janye. Haka fadama take, shekarar da ruwa ya malala sosai kifi yana samun wajen hayayyafa a cikin ciyawa.

Na jefa fatsa da yamma a bayan gari, karfasa da kurungu, ba wani abun a zo a gani. Hankalina duk yana kan gobe.

19 ga Disamba

Wannan ita ce gaɓar da ta fi komai daɗi kuma ta fi komai tayar min da hankali, don haka ku yi haƙuri zan yi tsawo.

Daga Haɗeja muka yi gabas ta ƙasar Kiri Kasamma a kan mashin, kwalta ta ƙare muka shiga burji, burji ya ƙare muka shiga yashi da gefen gonakin shinkafa da aka girbe, har muka kai wani ƙauyen masunta a bakin ruwan da yake tafiya Marma. Ka'ida ce ba ka taɓa ruwan mutane sai ka gaida masu shi, saboda haka gidan mai gari muka fara zuwa, shi ya sa yaro ya kai mu wajen sarkin ruwa. Dattijo ne siriri, idonsa ya yi ja saboda hayaƙi da rana. Na durƙusa na ce "Baba barka da rana, baƙo ne daga Kano, izini nake nema in jefa ƙugiya." Ya ce "ɗana ruwa na Allah ne, amma ba za ka shiga kai kaɗai ba, kacala za ta ɓatar da kai." Ya haɗa ni da ɗansa da kwale-kwale.

Ban gane maganarsa ba sai da muka shiga. Kacala ciyawa ce doguwa ta fi tsayin mutum nesa ba kusa ba, ta tsaya dama da hagu kamar katanga, hanyar da ta rage wani wajen da kyar jirgin yake kurɗawa, ba filafili sai dai sanda ake dogarawa ana turawa, ba ka ganin komai sai sama. Mutanen ƙauyukan ne suke yin gayya su shiga ruwa iya wuya da lauje suna yanka don a samu hanya, bayan 'yan watanni ta sake tofowa. Dalilin yaɗuwarta kuwa yana da alaƙa da mu na sama. Da can ruwa yakan zo da ƙarfi da damina ya malale fadama, da rani ya janye ƙasa ta bushe, to bushewar nan ita take hana kacala zama. Da aka yi dam dam ɗin nan ana sako ruwa kaɗan kaɗan duk shekara saboda noman rani, sai ya zama wasu hanyoyin ba sa bushewa sam, ga laka tana taruwa, ita kuma abun da take so kenan. Ta toshe wasu rassan kogin, ruwan ya karkata ya yi yawa a wani ɓangaren ya cinye gonaki, wani ɓangaren kuma ya rasa. Ga tsuntsayen jan baki da suke kwana a cikinta su fito su far wa gero da shinkafa, ga sauro. Ba cewa nake dam bai yi amfani ba, ni kaina da shi na girma, amma gaskiya ya kamata duk mai magana a kan ruwan Kano ya zo nan ya shiga jirgin nan tukunna.

Da muka fita wani buɗaɗɗen wuri sai ga duniya sabuwa. Ruwa shimfiɗe, bado ya rufe gefe da fararen furanni, zalɓe a tsaye, kirinjijiya garke guda suna tashi suna fito. Yaron ya bi gurarsa yana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, tarko ne na raga da aka ɗaura a kan sanduna, ana sa masa ƙullun dusa a ciki kifi ya shiga ta ƙaramar ƙofa ya kasa fita. Sannan ya bi mamarinsa, doguwar igiya mai ƙugiyoyi rututu da ya shimfiɗa tun jiya. A nan aka samu bargi guda babba mai manyan ɓawo, da tufi. Ni kuma na samu tarwaɗar da tun da na fara fatsa ban taɓa kama irinta ba, ta ja zaren har ya yanke ni a yatsa, sai da yaron ya sa hannu ta bayan kai ya ɗago ta.

Da dare a ƙofar gidan sarkin ruwa aka hura wuta saboda sanyi, matan gidan suka dafa tarwaɗar da yaji da albasa aka kawo da tuwo, dattawa suka zauna ina tambaya suna faɗa ina rubutawa da tocila. Yauni sun ce yanzu sai a daɗe ba a gani ba, giwan ruwa kuwa samarin wajen da yawa ba su taɓa kama shi ba, tsage ma ya ja baya. Tarwaɗa da karfasa da gaiwa su ne suka riƙe gida. Na kawo goro da sukari da ganyen shayi na ba Baba, ya karɓa ya sa albarka, amma da na ɗauko zancen kuɗin jirgi ya ɗaga hannu ya ce baƙonka annabinka, kar in ƙara.

13 ga Janairu, 2024

Nguru, jihar Yobe. Na shigo ta Birniwa. Garin nan nan ne ƙarshen layin dogon da ya taso daga Kano, ya iso tun wajen 1930, kuma har yanzu in ka zaga wajen tasha za ka ga tsofaffin gine-ginen zamanin cinikin gyaɗa da fata. Hausa kowa yana ji, amma za ka ji Barebari Mangawa da Fulani da Badawa kowa da harshensa a kasuwa ɗaya.

Tafkin Nguru da hanyar Marma suna cikin wuraren da aka sa a jerin dausayin duniya na Ramsar tun shekarar 2000, saboda tsuntsaye da kifi. Sanyi ya yi tsanani, masunta sun ce kifi ya kwanta ba ya cin abinci sosai sai rana ta ɗaga, haka kuwa aka yi, tun asuba nake zaune ba ko motsi sai wajen ƙarfe sha ɗaya karfasa ta fara taɓawa.

Abun da na zo gani na gan shi, masu su da gora. Ƙatuwar ƙwarya ce rufaffiya mai ƙaramin baki a sama, mutum ya kwanta da cikinsa a kanta yana tuƙi da hannu da ƙafa, yana bin ragarsa, in ya cire kifi ya ɗan ɗaga ƙirji ya jefa ta bakin ya koma ya rufe da cikinsa. Jirgi ce kuma ma'aji ce. Cikin sanyin nan fa, da ɗan gajeren wando kawai. Wani ya fito jikinsa yana karkarwa ya zauna bakin wuta, da na yi masa sannu sai ya tura min kwanon kunun da aka kawo masa ya ce in fara sha.

Masaukina a nan wani malamin makaranta ne da muka haɗu a mota, hira ce kawai ta haɗa mu daga Birniwa, kafin mu sauka ya riga ya kira gida ya ce a ƙara abinci. Burabusko aka yi da miyar yakuwa da kifi. Da safe yaransa suka raka ni har bakin ruwa suna rigimar wa zai riƙe sandar fatsa.

15 ga Janairu

Dagona, ƙasar Bade, a kan hanyar Nguru zuwa Gashuwa ake ratsewa. Nan ban jefa fatsa ba don wurin yana ƙarƙashin gandun dajin gwamnatin tarayya na Chad Basin, mafakar tsuntsaye ce, na bar kayana a ƙauye na bi ma'aikacin gandun da ƙafa. Marigayi Yarima Philip mijin Sarauniya Elizabeth ta Ingila ya taɓa zuwa nan a 1989 saboda tsuntsayen. Lokacin sanyin Turai suke ƙetaro sahara su sauka a nan, agwagin ruwa iri iri da ƙananan masu dogon baki da suke caccakar laka, su haɗu da namu na gida irinsu ɗinya da balbela, in zafi ya fara sai su koma. Ma'aikacin ya ba ni madubin hangen nesa na duba, wallahi na daɗe ban ajiye ba.

A hanyar dawowa muka bi ta wata busasshiyar fadama da ƙasa ta tsattsage, muka tarar da yara da fartanya suna haƙa. Gaiwa suke nema. In ruwa ya janye takan nutse cikin laka ta naɗe jikinta da yauƙi ta bar 'yar ƙofar shan iska, ta zauna a haka har damina ta dawo. Yaran suna gane wajen da ɗan ramin da yake sama, suka haƙo dunƙulen ƙasa suka fasa a gabana ga ta a naɗe da ranta. Sun ce in kiyayi bakinta, tana cizo.

Bulaman ƙauyen ya sa aka kawo min fura da nono, kuma ya hana ni kama hanya da yamma, ya ce baƙo ba ya tafiyar dare a nan, in kwana gobe a sa ni a motar kasuwa.

10 ga Fabrairu

Ina gida Kano. Ga inda aiki ya tsaya: Tiga, Wudil, Haɗeja, Marma, Nguru da Dagona an yi. Saura Gashuwa kanta da mahaɗar ruwan Jama'are, sai sashen Ringim da na tsallake, da bakin dam ɗin Challawa wajen Ƙaraye wanda da farko ban sa shi a lissafi ba amma yanzu na ga dole ne. Ina kuma son in ga wasan su na Bade da ake yi a Gogaram in Allah ya sa an yi shi ina da hali, malamin Nguru ya ce zai sanar da ni.

Littafin da nake rubutu ya jiƙe a Marma wasu shafukan sun manne, ina kwafe su a waya kaɗan kaɗan da daddare. Hotunan da na ɗauka na kai an wanke, na sarkin ruwa da ɗansa da na yaran malam zan ba direban motar Haɗeja ya kai musu, tare da ƙugiyoyi da zaren da yaron ya ce ba sa samun mai kyau a wajensu. Na je asibiti an duba ni saboda tsargiya tunda na shiga ruwa da yawa, lafiya lau alhamdulillah, duk mai niyyar irin wannan tafiya ya riƙa yin hakan.

Azumi ya kusa, ga zafi yana tahowa ruwa zai ja baya, saboda haka Ringim da Ƙaraye nake so in gama a ƙarshen watan nan tunda kusa ne ana zuwa a dawo a yini. Gashuwa sai bayan salla in sha Allah. In akwai ɗan Ringim ko Taura da ya san mashigar da ake samun ruwa mai zurfi a wannan lokacin, ina neman shawara kafin Asabar ta sama.